Daga Kan Tabarma: Wa Ya Kamata Ta Fara Jin Sabuwar Doka?

  

Maganar wannan karo ta shugabanni ce, amma kada wadda ba ta riƙe da muƙami ta tashi tun ba a gama karatu ba, don a kan kuɗinta ake maganar. Tambayar ita ce: in ƙungiya za ta sauya wani abu, a ƙara zubi, ko a rage kwanakin bashi, ko a ɗage ranar fasa akwati, ko a shiga tarayya da wasu ƙungiyoyi, ta wace hanya labarin ke isa kunnen mambobi? Mun lura da rigingimun da ake kawowa sasanci. Sau da yawa sauyin da aka yi mai kyau ne, ita kanta mai ƙorafin in aka zauna da ita za ta faɗi haka. Abin da ya ci mata rai shi ne a bakin rijiya ta ji, ko a wurin niƙa, daga bakin wadda ko ƴar ƙungiya ba ce ba.

Bari mu tuna inda wannan tsari namu ya samo asali. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Adashin da iyayenmu suka saba da shi aka gyara, aka sa masa bashi da riba da ranar rabo. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta, amma daga ƙasarmu ya tashi. Mafi yawan matan farko ba su yi karatun boko ba, don haka komai sai aka ɗora shi a kan ido da kunne. Akwati na ƙarfe, kwado uku, makulli uku a hannun mata uku, akwatin kansa kuma a ɗakin ma'ajiya wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗewa sai a gaban taro. Masu ƙidaya su ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla kowa ta ji, mako mai zuwa a tambayi taro nawa aka rufe a kai kafin a buɗe. Wannan ne ya sa macen da ba ta iya rubuta sunanta ba take barin kuɗinta a ɗakin wata ta yi barci.

To, kuɗi mun yi musu makulli uku. Magana fa? Nan ne muke sakaci. Shugaba da magatakarda su je horo Matamaye ko Damagaram, su dawo da sabon abu. Da dare ƴan kwamiti biyar su haɗu a ɗakin shugaba, su tattauna, su gama. Ranar taro sai a ce, "Daga mako mai zuwa zubi ya koma kaza." Kafin ranar taron ma labari ya riga ya fita, don ƴar kwamiti ta gaya wa kishiyarta, kishiya ta gaya wa mai kitso, mai kitso kuwa kun san ba ta riƙo. Kafin ya zagayo ya zama wai shugaba ce ta karɓo kuɗi a Damagaram, wai akwatin za a kai banki da sunanta, wai an ga ta sayi tunkiya. Ba wadda ta yi sata a cikin biyar ɗin. Sun dai buɗe magana su kaɗai, yadda ba za su taɓa yarda a buɗe akwati ba.

Mu da ke kusa da iyaka mun ga babban misali da idonmu, don naira na yawo a kasuwanninmu kamar sefa. Ranar 26 ga Oktoba 2022, gwamnan babban bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin za su fito 15 ga Disamba, tsofaffin kuma su daina aiki 31 ga Janairu 2023. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar, ministar kuɗi Zainab Ahmed ta gaya wa ƴan majalisar dattawa cewa ba a shawarci ma'aikatarta ba. Ku ji fa, ministar kuɗi! Da wa'adi ya matso aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 16 ga Fabrairu shugaba Muhammadu Buhari ya ce tsohuwar 200 ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu, sauran biyun a'a. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris kotun ƙoli ta ce duka tsofaffin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, kuma cikin dalilanta har da rashin ba jama'a isasshen wa'adi da rashin shawara. A watan Nuwamba 2023 aka cire wa'adin baki ɗaya.

Ba siyasar maƙwabta muke son shiga ba, kuma wataƙila waɗanda suka kawo tsarin suna da dalilansu. Abin da ya dame mu shi ne yadda maganar ta riƙa sauka ƙasa. A makonnin nan mai koko ba ta san ko ta karɓi tsohuwar ɗari biyar ba, mai canji na faɗar nasa, rediyo na faɗar nasa, wanda ya dawo daga Daura na faɗar nasa. Wadda ta ji tsoro ta sayar da tsofaffin takardunta a faɗuwa, bayan ƴan makonni aka ce suna nan da ransu. Wanda ke da labari ya ci riba a kan wanda ba shi da shi. Haka yake faruwa a ƙungiya, sai dai a ƙaramin ma'auni. In ƴan kwamiti sun san za a daina ba da bashi wata mai zuwa, sauran ba su sani ba, wa kuke tsammani zai karɓi bashin ƙarshe? Ko da ba da niyya aka yi ba, wadda ta zo daga baya aka ce mata an rufe ba za ta taɓa yarda ba da niyya ba ne.

Mu ɗauki maganar ƙarin zubi, don ita ta fi yawan tasowa bayan kaka. A ce ƙungiya ta mata 30, kowace na zuba dala 50 a mako, wato sefa 250. Akwati na samun 7,500 kowane taro. A ninka zubi ya koma dala 100, akwati ya samu jika 15. A mako 40, wadda za ta tara jika 10 ta tara jika 20, ban da riba. Lissafin ya yi kyau, kuma shugabar da ta yi shi tana da gaskiya: bashin jika biyar yau ba ya sayen abin da yake saye shekara uku da suka wuce. Amma ga mai ƙosan safe, ƙarin dala 50 a mako jika guda ne a wata. Daga ina zai fito? Daga jarin wake, ko daga kuɗin sabulu, ko daga aljihun maigida. Tana bukatar kwanaki ta yi wannan lissafi nata, ta yi shawara a gida, ta ga ko za ta ƙara tiya ɗaya a sana'a. In aka sanar yau aka ce mako mai zuwa za a fara, an hana ta wannan. Abin da za ta yi sai ta fara fashin taro, tara ta hau kanta, daga nan a ji ta janye. Mu kuma mu ce ba ta da himma.

Ra'ayinmu, duk sauyin da ya taɓa kuɗi ya kwana taro uku. Taron farko a kawo shi a matsayin shawara, a faɗi dalili, kada a yanke. Taro na biyu a ji abin da mata suka zo da shi daga gida. Na uku a yanke, kuma a sa ranar farawa nesa kaɗan. Mun san akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne. Mako uku ne. Sasanta ƙungiyar da ta rabu gida biyu kuwa yakan ci damina guda, wani lokaci ma ba ta komawa.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu, na bakin lissafi. Malamar da ta zo daga ofis ta yi bayani da Faransanci ta ce 500, tana nufin sefa 500. Mai fassara ta ce "ɗari biyar". Inna da ke ƙarshen tabarma, wadda tun tana yarinya da dala take ƙirga, ta ji dala ɗari biyar, wato jika biyu da rabi. Ta kusa da ita, wadda ke sarin kaya a Najeriya, ta ji naira ɗari biyar. Mata uku, kalma ɗaya, kuɗi iri uku, kuma kowace ta tafi gida tana ganin ta fahimta. Maganin wannan ba wuya. Shugaba ta ɗaga kuɗin a hannu ta nuna: "Ga shi, irin wannan guda ɗaya kowane mako." Sa'an nan ta ce wa wata daga can baya, "Gwaggo, don Allah maimaita mana abin da kika ji." In abin da ya dawo ba shi ne aka aika ba, a sake. Gani ya kori ji.

Sai maganar shiru, kuma nan muke so shugabanni su dakata da mu sosai. Shugaba ta gama bayani ta ce, "Kowa ya yarda?" A ce, "To." Ta ce, "Babu mai magana?" Shiru. Magatakarda ta rubuta an amince. Alhali a kan tabarmar nan akwai amaryar da surukarta ke zaune gabanta, kuma surukar ta riga ta gyaɗa kai. Akwai wadda shugaba ta yi wa alheri ranar suna. Akwai mai bashi a kanta da ke ganin in ta buɗe baki za a ce, "Ke fara biyan na kanki." Akwai wadda talaucinta ne dalilin ƙin yardarta, kuma ta gwammace ta fita daga ƙungiya da ta faɗi haka a gaban mata 29. Kunya tarbiyya ce, ba ma son a kawar da ita. Amma shugabar da ta ɗauki kunya a matsayin amincewa ta gina ɗaki a kan rairayi.

Dubarar tana hannunmu tun tuni. Yadda ake zaɓen shugabanni da tsakuwa, haka za a iya yi wa doka. A aje ƙwarya biyu bayan zana, ɗaya ta "na yarda", ɗaya ta "a dakata". Kowace ta shiga ita kaɗai ta jefa tsakuwarta. Masu ƙidaya su juye a gaban taro. In 11 cikin 30 suka ce a dakata, shugaba ta san akwai magana a ƙasa ko da rinjaye na gefenta, sai ta nemi hanyar tsakiya, kamar a bar mai hali ta zuba hannu biyu, mai ƙaramin ƙarfi ta tsaya a hannu ɗaya, rabo ya bi yawan hannu. Wannan hanya ba ta fitowa in ba a san da mutum 11 ɗin ba. Kuma kada wata shugaba ta fito daga ƙidaya tana hararar jama'a tana neman gano masu tsakuwar. In ta yi haka sau ɗaya, ƙwaryar ta mutu.

Waɗanda ba su zo ba fa? Mai jego, mai takaba da za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki, mai jinya a asibitin Matamaye, da wadda ta yi tafiya Kano ko Agadas ko can arewa ta bar ƴarta na kawo mata zubi. Kuɗinsu na cikin akwati, don haka suna da haƙƙin ji. A tura mata biyu, kada a tura ɗaya, saboda dalilin da ya sa masu ƙidaya suke biyu. Saƙon murya na WhatsApp ya taimaka ƙwarai ga na nesa, muna yabawa. Sai dai mu tuna mata nawa ne a ƙungiya ke da babbar waya ta kansu, nawa ne kuma wayar na aljihun maigida ko ɗa. Saƙon da ya shiga wayar mutum takwas ya raba ƙungiya biyu, masu sani da masu jira a gaya musu. A yi amfani da waya don kiran taro da tunatarwa. Yanke shawara a bar wa tabarma.

Tunda mun ambaci maigida, ga abin da shugabanni kan manta. Kowace mamba in ta koma gida ita ma za a tambaye ta. "An ƙara zubi." "Don me?" In amsarta ita ce "haka shugaba ta ce", kun san abin da zai biyo baya: "To ki bar ƙungiyar." In kuwa za ta iya cewa, "Malam, bashin jika biyar ba ya isar sarin gyaɗa yanzu, shi ya sa muka ga a ƙara, kuma sai bayan Sallah za a fara," ta samu abin kare kanta. Dalilin da shugaba za ta bayar ya zama gajere, mai nauyin da mace za ta iya ɗauka ta kai gida ba ya zube a hanya.

Wani sauyin ba daga cikinmu yake tasowa ba, faɗo mana yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Najeriya ta rufe, ba a buɗe ta a hukumance ba sai a watan Maris 2024. Masu sarin kaya a ƙetare jarinsu ya tsaya, bashi kuma yana kansu. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi, matan da muke bi ta hannunsu a matsayin kansiloli suka koma gida. Ko kuma aikin wata ƙungiyar agaji ya ƙare, malamar da ke zagayo mu ta daina zuwa. A irin wannan hali shugaba ba ta da amsar komai, kuma nan ne wasu ke yin shiru don kada a ga gazawarsu, wasu kuma su yi alkawarin da ba su da iko a kai. Duka biyun suna kashe amana. Abin da ya fi shi ne ta rarrabe wa mata magana gida uku da bakinta: ga abin da ya tabbata, ga abin da ake jira a ji, ga abin da bai sauya ba. Wannan na ƙarshen ne ake yawan tsallakewa, shi kuwa ke kwantar da hankali. "Yayyena da ƙannena, malama ba za ta ƙara zuwa ba, aikinsu ya ƙare. Ko wata za ta zo, ranar Laraba zan je in tambayo, abin da na samo zan faɗa muku a nan. Akwatinmu na ɗakin ma'ajiya, makullai na inda suke, ranar rabo na nan yadda muka sa." Kuma ranar taron da ta yi alkawari ta dawo da magana, ko da maganar ita ce ba ta samo komai ba.

Mafi nauyi duka shi ne labarin giɓi. An ƙirga, kuɗi ba su cika ba, ko wata ta ci bashi mai yawa ta bar gari. Zuciya takan ce a rufe, wataƙila kafin rabo a cike. Wallahi ba mu taɓa ganin rufewar da ta yi kyau ba. Giɓin jika 20 da aka faɗa a watan da ya faru matsala ce ta ƙungiya, a taru a nemi mafita, a tura dattijai wajen dangin mai bashi. Giɓin nan dai in aka gano shi ranar fasa akwati, kowace ta riga ta yi wa kuɗinta gida, wata kayan ɗakin ƴa, wata taki, ya zama laifin shugaba da ma'ajiya har abada. A faɗi adadi, a faɗi matakin da ake ɗauka. Tona asirin mai bashi da zagi a gaban taro kuwa wani abu ne daban, ba shi muke kira ba.

Muna jin wasu ƙungiyoyi na shawarar rage aje kuɗi a akwati, a riƙa sa su a waya ko a wurin masu aika kuɗi irin su NITA da Airtel Money, saboda tsoron ɓarayi da gobara. Tsoron gaskiya ne, mu ma ba mu ƙi ba. Amma shugabar da za ta kawo wannan magana ta shirya amsar tambaya ɗaya tun kafin a yi mata: ina makulli uku suka tafi? Layin da sunan wa za a buɗe, wa ke riƙe da waya, wa ya san lambar sirri, nawa ake cirewa wajen fitar da kuɗi, kuma ta yaya Inna da ba ta karanta lamba za ta tabbatar da jimla kamar yadda take tabbatarwa da idonta yau? A gabashin Afirka an yi tsarin da mata uku ke riƙe da lambar sirri uku, kuɗi ba sa fita sai dukansu sun danna. Ko ba a samu irinsa a nan ba, ana iya raba waya da lamba a hannu daban-daban, a sa ɗalibai biyu daga gida biyu su karanta saƙon jimla da ƙarfi kowane taro. In ba a kai ga amsa waɗannan ba, a bar maganar a matsayin shawara tukuna.

Ƙungiyoyi da dama za su fasa akwati cikin makonnin nan, kuma zaman da ke biyo bayan rabo shi ne lokacin duba doka. Muna roƙon magatakarda su karanta dokar ƙungiya duka, daga zubi har tara, kafin a taɓa ko ɗaya, don akwai waɗanda suka shigo a tsakiyar tafiya ba su taɓa jin ta a jere ba. Ƙungiyar da ta gwada ƙwarya biyu ta aiko mana da yadda ta kaya ta hannun wakiliyar ƙauyenta, ba sai an sa sunan kowa ba. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar tarar makara da ta fashi a lokacin noma, don tambayoyi a kanta sun taru.